Ɗan siririn man da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe: me Reynolds ya zubar, me ya bari?

Ɗan Aji Huɗu: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da jarrabawa ranar Litinin, kuma wani abu ya tsaya mini a wuya tun jiya. A darasin motsin ruwa-ruwa mun zo kan ka'idar shimfiɗar mai, wato yadda ɗan siririn mai ke raba ƙarafa biyu masu gogar juna. Kafin a kai ga lissafin Reynolds sai da aka jero mana "mu ƙaddara" har guda takwas. Mu ƙaddara man ba ya hargitsewa, mu ƙaddara danƙonsa ba ya canzawa, mu ƙaddara matsi ɗaya ne daga saman shimfiɗar zuwa ƙasanta, mu ƙaddara nauyin man ba a bakin komai yake ba, mu ƙaddara ƙarfen ba ya lotsawa, da sauransu. Na haddace su kamar karatun allo. Amma tsakani da Allah, in mutum ya zubar da rabin lissafin Navier da Stokes, wato babban lissafin motsin ruwa-ruwa, don kawai ya gagare shi warwarewa, abin da ya rage ilimi ne ko dabarar cin jarrabawa?

Bakano a Kwangila: Wa alaikumus salam. Ka rubuta musu abin da suka ba ka, ka karɓi makinka, ƙanena. Ku Zage-zagi komai sai kun mai da shi muhawara.

Oga na Sabon Gari: Ni ban san Navier ba, amma shekarata 26 ina kwance inji. In maganar baƙin mai ce tsakanin kiranshaf, sandar da fistin ke juyawa, da metal, ƙarfen da take kwance a kai, a ci gaba, ina nan ina karantawa.

Malama Injiniya: Wa alaikumus salam. Tambayar ta yi kyau, sai dai kuskuren yana cikin ƙirgar takwas ɗin. Ba ƙarya takwas aka jera maka ba. Kusan rabinsu 'ya'yan magana ɗaya ce: ratar da man yake ciki ƙarama ce ƙwarai in aka gwada ta da tsawon hanyar da yake bi. Mu kira ratar h, tsawon kuma L.

Ɗauki kiranshaf irin na gaban Oga. Wuyan da metal ke runguma ya kai kamar milimita 50 a faɗi, ratar da ke tsakaninsu kuwa wajen maikiron 25, wato milimita 0.025. Silin gashi ya fi ta kauri. In ka raba ratar da rabin faɗin wuyan, milimita 25, wanda za mu ɗauka a matsayin L a nan, za ka samu 1 cikin 1,000. Don ka ga abin da idonka, ƙaddara an kumbura ratar nan ta zama rufin da tsayinsa mita ɗaya ne. Lungun da man ke zagayawa zai zama kilomita 6 da ɗoriya. Wanda ke rarrafe a cikin irin wannan lungu ba zai ma san a lanƙwashe yake ba. Ka ga inda "mu ƙaddara shimfiɗar a miƙe take" ta fito ke nan, ba daga kasala ba.

Sai na biyu. Man da ya shiga dole ya fita, ba ya ɓacewa. Saboda haka in gudunsa a tsawon lungun U ne, gudunsa daga ƙasa zuwa sama ba zai wuce U sau h bisa L ba, kashi ɗaya cikin dubu. Tunda babu wani motsin kirki ta wannan ɓangaren, babu abin da zai kawo bambancin matsi tsakanin sama da ƙasa. In ka bi lissafin a tsanake, bambancin ya yi ƙasa da wanda ke tsawon lungun da kimanin h bisa L sau kansa, ɗaya cikin miliyan. Ba zubar da shi aka yi ba, auna shi aka yi aka ga bai kai a ɗauka ba.

Ɗan Aji Huɗu: Na gode Malama. Amma ga inda na maƙale. Injin da ke juyi 3,000 a minti, wuya mai milimita 50, gudun fatarsa ya kusa mita 7.9 a daƙiƙa. Mai irin SAE 40 in ya yi zafin digiri 100 danƙonsa wajen 14 ne a ma'aunin santistok. Da na lissafa lambar Reynolds, wadda ke gwada ƙarfin tunkuɗa da na danƙo, da L na samu wajen 14,000. A bututu an ce mana da an wuce 2,300 gudu ya fara hargitsewa. To yaya za a ce a yi watsi da tunkuɗar da man ke yi saboda nauyinsa da gudunsa?

Malama Injiniya: Lissafinka daidai ne, ma'aunin ne ba nasa ba. Abin da ke riƙe man shi ne sulɓewar wani falle a kan wani a faɗin ratar, don haka ƙarfin danƙo yana tafiya ne da U bisa h sau h, ba L sau L ba. In ka gwada tunkuɗa da danƙo yadda ya kamata, sai ka ninka 14,000 ɗin da h bisa L, ka sake ninka abin da ya fito da h bisa L. Me ya fito?

Ɗan Aji Huɗu: 0.014. Kai! Ashe nan take.

Malama Injiniya: To ka gani. Tunkuɗa ba ta kai kashi 2 cikin 100 na danƙo ba. Kuma ka lura, ba a ce lambar Reynolds sai ta zama ƙarama ba. Ɗalibai da yawa a nan suke faɗuwa, su rubuta cewa ka'idar ta gudu mai rarrafe ce kawai. A'a. Ana iya gudu sosai, muddin ratar ta isa ƙanƙanta. Batun hargitsi kuma, G. I. Taylor ya nuna tun 1923 cewa ruwan da ke tsakanin silinda biyu, ta ciki tana juyawa, yana fara nannaɗewa ne a wani mataki sananne. Ga rata irin tamu sai lambar da aka lissafa da h ta kai wajen 1,300. Taka 14 ce.

Bakano a Kwangila: Malama ranki ya daɗe, ni ma na gane wani abu. Da damina in ka taho da gudu a hanyar Kano ka faɗa kwantaccen ruwa, sai ka ji sitiyari ya yi sakayau, taya ta bar kwalta. Ai shi ne wannan shimfiɗar da kuke faɗa ko?

Malama Injiniya: Alhaji, kama ce kawai, kuma ka kawo misalin da ya fi kowane nuna inda ka'idar ke tsayawa. Ruwa ya fi man inji tsinkewa nesa ba kusa ba, danƙonsa wajen santistok 1 ne. A ce zurfinsa milimita 3, inda taya ke taka ƙasa milimita 150, kana gudun kilomita 100 a awa, wato mita 28 a daƙiƙa. Lambar nan da ta ba mu 0.014 a cikin inji, a nan ta haura 1,600. Abin da ya ɗaga motarka ba danƙo ba ne, ruwan ne ya kasa kaucewa da wuri ya doki gaban tayar. In ka sa lissafin Reynolds a nan, shirme zai ba ka.

Bakano a Kwangila: To madalla. An kore ni da lissafi.

Baba Reluwe: Salamu alaikum. Jikata ce ke rubuta mini, idona ya yi rauni. Yaro, wannan ilimi da kake kokwanto a kai daga gindin jirgin ƙasa ya fito, ba daga allo ba. Wani Bature a Ingila, Beauchamp Tower, aka ba shi aikin gwada gogayya a irin mazaunin aksul na tarago. A 1883 ya huda tagullar da ke kan aksul ɗin don ya riƙa ɗura mai ta nan. Da aksul ya fara juyawa sai man ya riƙa bulbulowa ta hudar. Ya toshe da toto, ya fito. Ya buga katako, shi ma a hankali man ya turo shi waje. Da ya ɗaura ma'auni sai ya ga matsi ya fi ninki biyu na matsakaicin nauyin da ke kan tagullar, alhali babu wani famfo. Wannan ne Osborne Reynolds na Manchesta ya zauna ya yi wa bayani a 1886. Har man zaitun ya auna danƙonsa a aikin.

Mu da muka yi aiki a tashar Zariya mun ga ƙarshen irin waɗannan taragai. Akwati ne a kan kowane aksul, ka ɗaga murfi ka ga tarkacen auduga jiƙe da mai yana shafar ƙarfen daga ƙasa. In jirgi ya tsaya, mai dubawa ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ɗora bayan hannu. Wanda ya bushe, tun daga nesa za ka ji ƙaurinsa.

Ɗan Aji Huɗu: Allah ya ƙara lafiya Baba. Wato matsin aka fara gani kafin lissafin ya zo.

Oga na Sabon Gari: Tsaya Baba. Babu famfo kuma matsi ya taso? Mu abin da muka sani famfon mai shi ke ɗaga kiranshaf. In famfo ya mutu inji ya buga, wannan ba a littafi na karanta ba.

Malama Injiniya: Oga, kai da Baba duk kuna da gaskiya. Famfo shi ke kai man wurin, amma ba shi ke ɗaukar nauyin ba. Famfon mota yana ba da matsi kamar bar 3 zuwa 4, kaɗan ya ɗara iskar da mai faci ke sa wa taya. Wannan ba zai tare dukan fistin ba. Abin da ke faruwa shi ne kiranshaf ba ya zama a tsakiya cif, yana karkata gefe, sai ratar ta zama kamar bakin gatari, faɗi a nan, tsukewa a can. Yana juyawa yana jan man da ya manne masa zuwa cikin matsatsin. Man ba shi da mafita, sai matsi ya tashi. Girman matsin yana tafiya da danƙo sau gudu sau L, a raba da h sau h. Da lambobin yaron nan ya kusa bar 38, kuma duk lokacin da ratar ta ragu da rabi sai ya ninka huɗu. Shi ya sa in nauyi ya ƙaru kiranshaf ya ƙara matsowa, man kuma ya ƙara turjiya. In famfo ya mutu, babu man da za a ja, shi ke nan.

Ka lura da "manne" ɗin nan. Ita ma ɗaya ce daga cikin takwas ɗin, cewa man da ke jikin ƙarfe yana tafiya da gudun ƙarfen. Ba don ita ba babu ka'idar baki ɗaya.

Oga na Sabon Gari: To yanzu an zo wurina. In haka ne, mai mai kauri ya fi ke nan. Mu tsohon inji mai kauri muke zuba masa.

Ɗan Aji Huɗu: Oga ai Malama ta ce in kauri ya ƙaru matsi raguwa yake yi.

Oga na Sabon Gari: Yaro, ka taɓa zuba 20W-50 da hannunka kuwa?

Malama Injiniya: Ku dakata, kalma ɗaya ce ta haɗa ku faɗa. Oga yana nufin kaurin man kansa, abin da nake kira danƙo. Kai kuma kana nufin kaurin shimfiɗar, wato rata. Na farko in ya ƙaru matsi ya ƙaru, na biyu in ya ƙaru matsi ya ragu. Ni a aji na daina cewa kauri saboda wannan.

Oga, dabararku tana da tushe, amma tana da iyaka. Man da matsi ke korowa ta gefen metal yana tafiya da h sau h sau h, wato h a jere sau uku, a raba da danƙo. In metal ya cinye ratar ta ninka biyu, yoyon ya ninka takwas. Ka ninka danƙo biyu, ka rage shi zuwa huɗu kawai. Kana bin takwas da biyu.

Oga na Sabon Gari: Wallahi wannan takwas ɗin na gan ta da idona, ban dai san sunanta ba. Makon jiya aka kawo mini wata mota, da safe lafiya lau, amma in ta yi zafi aka tsaya a silo sai fitilar mai ta riƙa ƙiftawa. Mai ita ya yi wata huɗu yana canza mai, kowane juye ya fi na baya kauri. Da muka sauke kwanon ƙasa na zare metal ɗin, farin saman ya tafi, jan tagulla ya fito kamar tsohon kwabo. Na ja farce a kai, farcen yana shiga layi-layi. Na je na buɗe gidan iska, filtar ta yage ta gefe, ga ƙura fara sol a cikin bututun. Mutumin duk hunturun nan da yagaggiyar filta ya yi yawo, in ta toshe ya kai a busa masa da iska. Dole kiranshaf ya tafi wurin masu yanka, aka rage masa kauri zuwa ma'aunin da muke kira 010, muka sa metal daidai shi.

Tambayata Malama, ƙurar nan tana ina a cikin lissafinku?

Malama Injiniya: Ba ta ciki, Oga. Kuma nan ne nake son ɗalibin nan ya buɗe kunne, don nan ne tambayarsa ta farko take da haƙori. Sharuɗɗan da suka fito daga ƙanƙantar rata, waɗannan ba sa cin amana, ko a garejinka ko a ko'ina. Amma akwai wasu da ba rata ce ta haife su ba, an ɗauke su ne don sauƙi, kuma su ne ke karyewa.

Ka'idar ta ɗauka fuskokin sumul suke, man kuma tsaf. Alhali a matsatsin da ya fi ko'ina tsukewa, in inji na jan kaya, shimfiɗar kan sauka zuwa 'yan maikiron kaɗan. Ƙwayar yashi mai maikiron 10 ba za ta wuce nan salin-alin ba, sai ta yi noma. Ga kuma danƙo da aka ce ba ya canzawa. Duba takardar bayanan kowane SAE 40, danƙonsa a digiri 40 ya kusa ninka na digiri 100 sau goma. Shi ya sa fitilar mutuminka ba ta ƙiftawa da sanyin safiya sai rana ta take. Kuma man da kansa yake dafa kansa, don sulɓewar nan zafi take haifarwa. Masu zana inji sukan haɗa lissafin Reynolds da na zafi su warware tare.

Mai Fenti Tudun Wada: Ku yi haƙuri in tsoma baki. Wannan "sau uku" ko ita ce ke sa in na labta fenti da yawa a bango ya riƙa zubar da hawaye, amma in na shafa siriri ya zauna?

Malama Injiniya: Ita ce, Malam. Ka ninka kaurin shafin biyu, abin da ke gangarowa ya ninka takwas. Kuma ka taimake ni, don a bangonka nauyin fentin ne ke tura shi ƙasa, babu wani abu daban. Saboda haka "mu ƙaddara nauyin ruwan ba komai ba ne" ba dokar ka'idar ba ce, ta cikin inji ce kawai, inda matsi ya danne shi. Sai dai fenti ba ya bin Newton sosai, an haɗa shi ne ya tsinke a ƙarƙashin buroshi ya sake kamewa in an bar shi.

Ɗan Aji Huɗu: Bin Newton ɗin nan ma ina son a taɓa shi. Baƙin mai yana bi?

Malama Injiniya: Ma'anarsa dai in ka ninka saurin sulɓewa biyu, turjiyar ma ta ninka biyu. Ruwa da man gyaɗa da zallar man inji suna bi. Miyar kuɓewa ba ta bi, ja ludayi sama ka ga yauƙi. Giris ma ba ya bi, ba ya motsi sai ƙarfi ya kai wani mataki. Mai irin 20W-50 yana tsakani, don an zuba masa sinadarai masu dogayen ƙwayoyi da ke hana shi tsinkewa da zafi, kuma a cikin matsatsi suna miƙewa, danƙon ya ɗan sauka.

Baba Reluwe: A tambayar mini Malama, boris fa, wannan mai 'yan ƙwallayen ƙarfe a ciki? Sababbin taragai duk boris ne, ba a zuba auduga.

Malama Injiniya: Baba, boris da haƙoran giya su suka ba masana kunya shekaru da yawa. In aka yi lissafin da ƙarfe marar lotsawa da danƙo marar canzawa, shimfiɗar da ke fitowa ta yi siririn da ba za ta hana ƙarfe cin ƙarfe ba, amma ga giya na shekaru tana aiki lafiya. Grubin a Rasha a 1949, sannan Dowson da Higginson a Ingila a 1959, su suka warware. Wurin da ƙwallon boris ke taɓawa ɗan mitsitsi ne, matsi yana haura bar 10,000. A irin wannan matsi ƙarfen yana lotsawa ya yi ɗan fili, man kuma danƙonsa ya ninka dubbai, ya kusa zama daskararre na ɗan ƙiftawar ido. Shimfiɗar ba ta cika kai maikiron 1 ba, amma tana nan. Abin sha'awa, ba su jefar da lissafin Reynolds ba. Sharuɗɗa biyu suka cire, suka bar na rata.

Ɗan Aji Huɗu: To ni akwai abu ɗaya da ya rage. A warwarar da Sommerfeld ya yi wa lissafin Reynolds a 1904, rabin da'irar matsi ya hau, ɗaya rabin ya sauka daidai gwargwado har ƙasa da sifili. Na zaci ni na yi kuskuren alama, na sake har sau uku.

Malama Injiniya: Ba kuskurenka ba ne. Lissafin ya ɗauka mai ya cika ratar ko'ina. A gefen da ratar ke buɗewa, man gaske ba ya yarda a ja shi haka. Iskar da ta narke a cikinsa tana fitowa, shimfiɗar ta yage ta zama 'yan yatsu-yatsu da iska a tsakani. Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗauki rabin da matsi ya hau, a mai da ɗaya rabin sifili. In malaminku ya tambayi inda shimfiɗar ke ƙarewa, ka ce inda matsi da gangarensa duka suka zama sifili.

Oga na Sabon Gari: Ni kuma tawa ta ƙarshe. In juyi ne ke kawo matsin, da asuba da aka murɗa makulli kafin ya fara juyawa fa?

Malama Injiniya: Kiranshaf a kwance yake kan metal, ƙarfe da ƙarfe, sai ɗan abin da ya rage jiya da sinadaran da ke manne wa fuska. Stribeck ya zana wannan a Jamus a 1902: gogayya tana da yawa a farko, ta faɗo in gudu ya ɗaga ƙarfen, ta sake hawa a hankali. Ka'idarmu ta ɓangaren ƙarshe ce kawai.

Oga na Sabon Gari: Shi ya sa nake faɗa da yarana. A tayar da mota cikin sanyin Janairu, nan take a taka totur har ƙasa wai ana wasa inji. Da masu janareta, wuta ta ɗauke a ja, ta dawo a kashe, sau shida a yini.

Bakano a Kwangila: Amma Oga ni an ce mini barin mota ta daɗe a silo da safe ma ɓarnar fetur ce.

Oga na Sabon Gari: Ban ce ka yi rabin awa ba Alhaji. Fitilar mai ta mutu, ka ɗan jira, ka tafi a hankali.

Ɗan Aji Huɗu: Oga, metal ɗin nan mai jan tagulla yana nan? Ina son in gan shi kafin Litinin.

Oga na Sabon Gari: Yana cikin kwali ƙarƙashin benci, ban zubar ba. Ka zo gobe kafin azahar, akwai wani injin a buɗe da za mu rufe da yamma. In kuna da maikiromita a makaranta ka aro, tawa wani ya karɓa tun kafin azumi bai dawo da ita ba.